Shekarar da Na Rushe Ɗakin Turarena

Duk lokacin da jikokina suka zo gidan nan na unguwar Biafra a Abidjan suka leƙa lungun da ke bayan ɗakin kakansu, suka ga ba komai a ciki, sai su tambayi iyayensu me ya sa aka bar wuri haka a Treichville, inda ko tafin hannu mutum ya samu sai ya kafa masa ƙofa ya sa ɗan haya. Amsar da nake jin kuna ba su ita ce wai Auta ce ta zo da kwamfuta daga jami'a, kwamfutar ta ce a rushe, aka rushe. To, ba haka aka yi ba, kuma ba na son in koma ga Mahaliccina in bar ku da gurguwar magana. Kwamfuta ba ta riƙe guduma. Ni na kira magini, ni na tsaya a kansa, kuma a duk abin da na yi a rayuwata babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan.

Manyanku sun san ko ni wace ce a kasuwar Treichville a wancan lokaci, ƙananan kuwa sai labari. Turaren wuta na gada wurin mahaifiyata, ita kuma da shi ta zo daga Maraɗi. Ba na yabon kai, amma shekara da shekaru ba a kai amarya a wannan yanki ba tare da kwalbata a cikin kayanta ba, har matan Jula da ba mu jin yaren juna sosai sukan zo su nuna da yatsa su ce na Hajiya Rabi suke so. Sirrin ba a yawan miski yake ba. A haƙuri yake: in ka haɗa itacen da sukari da sauran kayan, sai ka toshe bakin kwalba ka ajiye ta wuri mai duhu wanda iska ba ta shiga, ka manta da ita wata da watanni har ƙanshin ya kama jiki. Irin wannan wurin ne na rasa a gidanmu mai cike da 'yan haya, sai idona ya faɗa kan lungun nan. Siririn fili ne tsakanin bangon ɗakin Alhaji da katangar maƙwabta, sama a buɗe, bakinsa yana kallon wajen lagun, babban tafkin nan da ya ratsa gari. Na nemi izini, Alhaji ya ce in yi. Aka toshe bakin da bulo, aka ɗora kwano, aka fasa mini ƙofa ta gefen madafa. Akwai wata 'yar taga a bangon bayan ɗakin Alhaji da ke buɗewa cikin lungun, ita ma na sa aka buga mata katako, na jawo kabad ɗin kaya na jingina a gabanta. Lokacin Auta ko rarrafe ba ta fara ba.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai a shekarar da nake ba ku labari. Kowace safiya, in mahaifinku ya fita zuwa rumfarsa ta goro a Adjamé, nakan share ɗakinsa in sa kasko in turara. Kafin ginin, hayaƙin ba ya miƙewa. Yana tashi zai karkata ya bi ta kan gado ya fice ta tagar baya. Washegarin da aka gama ginin na sa garwashi kamar kullum, sai na ga hayaƙin ya tashi sak kamar sanda, ya taru a ƙarƙashin silin ya tsaya. Na daɗe ina kallonsa. Wadda ta yi rayuwarta da hayaƙi ba ta bukatar a gaya mata abin da wannan yake nufi. Amma na ce wa zuciyata ai kwana kawai yake yi a ɗakin, yini yana kasuwa, na je na sayo fanka na kafa masa, na ja bakina na yi shiru. Shirun nan ya fi shekara ashirin.

Sai shekarar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ke tsayawa a kan buhunan goro yana ba da umarni ana ji har bakin titi, sai ga shi an sauke shi daga mota a hannu, maganarsa da ƙyar ake tsinta. Muka dawo daga asibiti daidai shigowar zafi, irin zafin Abidjan mai ɗanko, wanda in ka yi wanka kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Yanzu ɗakin da yake kwana kawai ya zama nan ne duniyarsa. Fanka tana juyawa, amma iskar da ta tarar a ɗakin ita take ta maimaita masa. Na'urar sanyi kuwa tun a asibiti ta sa masa tari, likita ya ce a nisanta shi da ita. Nakan canza zanin gado sau huɗu a yini. Ƙurajen zafi suka feso masa, daga nan fatar bayansa ta fara saɓulewa, kuma likitan da ke zuwa dubiya ya ce in gumin nan bai ragu ba, miki zai buɗe wanda ba zai warke da wuri ba.

Baffanku Idi, ƙanin Alhaji, shi ya fara furta abin da kowa ke tunani. Kada ku riƙe shi da mugun nufi, son ɗan'uwansa ne ya sa. Yana da gida a bene hawa na huɗu a Adjamé, tagogi ta ko'ina, iska kamar a jirgin ruwa.

“Matar Yaya, wannan ɗakin tanda ce,” in ji shi. “Ki bar ni in ɗauke shi. Can ko bargo sai ya nema.”

Na ce, “Alhaji Ƙarami, in aka hau da shi benen nan, wa zai sauko da shi? Abokansa da ke zuwa gaishe shi bayan la'asar, wanne ne cikinsu zai iya hawa huɗu da sanda?”

“Gaisuwa ta fi fatar bayansa? Na ba ki Juma'a biyu. In ba sauƙi, da mota zan zo.”

A ƙofar ɗakin muka yi wannan magana, Alhaji yana ji. Da na shiga, sai na tarar ya damƙe ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya, ya damƙe har jijiyoyin sun tashi. A wannan ɗakin mahaifinsa ya rasu.

Auta tana shekararta ta ƙarshe a karatun gine-gine, kuma aikin da ta zaɓa na kammalawa shi ne yadda iska ke yawo a gidajen da ba su da na'urar sanyi. Ni a lokacin dariya abin yake ba ni, yarinya ta tafi jami'a tana koyon abin da kowace kaza ta sani, wato inda inuwa take. Amma da ta ji maganar Baffanta, sai ta kwaso kayanta ta dawo gida. Ta yi kwana biyu tana awon bango da tsakar gida, ta rataye wasu 'yan na'urori kamar akwatin ashana a ɗakin da waje, masu auna zafi da laima. Bayan kowace awa biyu ta zo ta tsaya kaina da takarda tana tambaya ko ina jin zafi sosai, ko kaɗan, ko daidai. Na ce mata ba ga na'urarki nan ba? Ta ce na'ura tana faɗin zafin iska ne, ba ta san abin da fata ke ji ba, domin ɗaki biyu za su iya zama zafinsu ɗaya, amma wanda iska ke motsi a cikinsa shi ne mutum zai iya barci. Wannan maganar ta shige ni, na fara kallon yarinyar da wani ido.

A rana ta uku ta kira ni ta nuna mini. Ga gidanmu a cikin kwamfuta, an ɗauke masa rufi kamar an buɗe kwanon abinci: zaure, tsakar gida, ɗakunan 'yan haya, ɗakin Alhaji a can ƙurya. Kun san Hausar Auta, sai da sandar Faransanci take tafiya, kwamfuta ma ordinatar take ce mata.

“Regarde, Mama. Na gaya wa ordinatar daga ina iska take zuwa, daga teku, ta shigo ta zaure. Na gaya mata zafin kwano da rana. Ita kuma ta yi lissafi, ta zana hanyar da iskar za ta bi. Kibiyoyin nan su ne iska. Shuɗi sanyi, ja zafi.”

Tsakar gida cike da kibiyoyi suna ta kai da kawo. Ɗakin Alhaji kuwa ja wur, ba kibiya ko ɗaya sai 'yan kaɗan a bakin ƙofa. Sai ta danna wani abu, taga ta fito a bangon gaba, kusa da ƙofar, nan take kibiyoyi suka shiga ta ƙofa suka kewaya suka fita ta tagar, jan ya dusashe. Na dubi bangon baya a zanenta, na ga shi sumul ba ko tsaga. Ina za ta sani? Tun da ta yi wayo kabad take gani a wurin. In faɗa muku gaskiya, daɗi na ji. Na ce a raina ga hanyar da Alhaji zai samu iska, ni kuma in tsira da ɗakina.

Muka ɗauke shi zuwa ɗakina na yini guda, magini ya fasa tagar gaba, aka share ƙura aka mayar da shi. Kwana uku muna jira. Zanin gado bai daina jiƙewa ba, na'urorin Auta ma ba su nuna wani bambancin a zo a gani ba. Baffa Idi ya zo ya zagaya sabuwar tagar, ya leƙa ta ciki ya leƙa ta waje.

“Madalla da injiniya,” ya ce. “Yanzu zafin ya samu ƙofa biyu.”

Auta ta shige ɗakina ta rufe fuska da filo. Juma'a ɗaya ta wuce ke nan. Da safe na bar ta ta gama karin kumallo, sannan na ɗebo garwashi a kasko, na ce ta biyo ni. Na ajiye kaskon a tsakiyar ɗakin Alhaji, na kashe fanka, na barbaɗa turare. Hayaƙin ya miƙe sak, ya taru a sama. Na kai shi kusa da sabuwar tagar, ya ɗan yi rawa ya koma ciki. Ta tsuguna tana kallo, tana duban ƙofa, tana duban hayaƙin, sai ta dafe kai.

“Labule! Mama, a ordinatar ƙofar a buɗe take, tagar ma a buɗe. Ban sa labule ba. A cire shi mana, ko da rana kawai.”

“Ba za a cire ba.”

“Mais pourquoi? Don me?”

“Gida tara ne a tsakar gidan nan. A nan nake masa wanka, a nan nake juya shi, a nan nake canza masa. Mutumin da 'yan hayan nan ke durƙusa wa, ba za a mai da shi abin kallon masu wanke-wanke ba. Ki gaya wa na'urarki gidan nan akwai kunya a ciki.”

Ta koma ta rataya wa zanenta labule a ƙofa da taga, ta bar kwamfutar ta yi lissafinta. Da sakamakon ya fito, ɗakin ya koma ja kamar yadda yake tun farko, daidai abin da kaskona ya nuna. A nan na yarda cewa na'urar ba maƙaryaciya ba ce, abin da aka gaya mata shi take faɗa. Auta ta yini tana gwaji. Ta faɗaɗa tagar, ta ɗaga silin, ta matsar da ƙofa, duk a cikin zane, jan ya ƙi tafiya. Wajen la'asar ta ture kwamfutar ta ce iska ba ta shiga inda ba ta ga hanyar fita ba, kuma mashiga da mafita a bango ɗaya wasan yara ne. Da akwai mafita a bangon baya, in ji ta, da ko ta ƙarƙashin labule iskar za ta kutsa, amma bayan bangon magazan Mama ne, wato ɗakin turarena, ba yadda za a yi.

Na tashi na shiga ɗakin Alhaji, na sa kafaɗa na ture kabad ɗin nan. Ga katakon, ƙusoshinsa sun yi tsatsa, gizo-gizo ya yi gida a kai. Auta ta tsaya a bayana.

“Taga ce?”

“Taga ce. Bayanta kuma a da lungu ne, har bakin titin lagun. Ni na toshe.”

“Kin san ita ce...”

“Tun kina goye na sani. Je ki sa ta a zanenki.”

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a ce yana faɗa ba. Kunyar da na ji a gaban 'yar cikina ranar nan, ban taɓa jin irinta ba. Ita kuwa, Allah ya yi mata albarka, ko kallon tuhuma ba ta yi mini ba, har ma ta shiga neman hanyar da za ta cece ni. Ta buɗe tagar a zane ta bar ɗakin turaren yadda yake, kibiyoyi suka shiga suka cushe. Ta huda ramuka a saman bangonsa, suka ɗan motsa kamar marasa lafiya. Ta cire rabin kwanon, ya ɗan fi. Ni ce na ce mata ta daina wahalar da kanta, ta ɗauke rufin duka ta buɗe bakin lungun. Ta yi hakan, ta kuma ɗage labulen zanen kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Sai ga kibiyoyi sun taso daga zaure, sun ratsa tsakar gida, sun sunkuya ta ƙarƙashin labule, sun bi ta kan gado sun fice ta tagar baya. Hanyar da hayaƙina yake bi kafin a yaye Auta, ita ce a gabana, ba ta kauce ko kaɗan ba.

Da Baffa Idi ya ji zan rushe, shi ne ya fi kowa hana ni, kuma wannan ma ku rubuta masa a alheri.

“Matar Yaya, na'urar nan ta riga ta sa kun fasa bango a banza. Yanzu kuma abincinki za ki rushe? In wannan ma bai yi ba fa?”

“Wancan na'ura ce kaɗai ta faɗa. Wannan ni da ita muka faɗa.”

“Turaren fa, ina za ki kai?”

“Turare ba ya gumi, Alhaji Ƙarami.”

Ranar Talata magini ya zo. Da hannuna na kwashe kwalabe, har da waɗanda saura wata biyu su nuna, na jera su ƙarƙashin gadona da saman rumfata ta kasuwa. Ba zan ɓoye muku ba, da guduma ta fara sauka kan bulon nan sai da na shige madafa na yi kukana. Ɗakin nan da shi na aurar da ku, da shi na je Makka. Kuma abin da na ji tsoro ya faru. Zafi da hasken kasuwa suka ɓata haɗin shekarar, ƙanshin ya tashi sama-sama ba ya kama tufa. Matan da suka saba da hannuna suka saya sau ɗaya, sau biyu, suka koma wani wuri, ban kuma ga laifinsu ba. Na gwada neman wani ɗaki, amma turare yana son mai shi a kusa, ni kuma ba na iya nisa da mara lafiya. Cikin shekara biyu na bar wa wata maƙwabciyata rumfar. Yau in kuka ambaci turaren Hajiya Rabi a kasuwar nan, sai tsofaffi ne za su ɗaga kai.

Amma fatar bayan mahaifinku ta bushe, mikin bai buɗe ba. Ranar Juma'ar da aka yi alkawari Baffa Idi ya zo da motarsa, ya shiga ɗakin ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya yi kusan awa guda, sannan ya tashi ya koma Adjamé shi kaɗai. Auta ta rubuta duk wannan a aikinta na jami'a, har da kuskuren labule, har da kaskona, kuma ta ce malamanta sun fi tambayarta kan kaskon fiye da komai. Alhaji ya ƙara zafi uku a ɗakinsa, abokansa suna zuwa bayan la'asar suna ɓara goro a bakin gadonsa, kuma a nan Allah ya karɓi abinsa, inda mahaifinsa ya cika.

Abu ɗaya na rage muku, shi ne abin da ya faru washegarin rushewar. Na rage tsawon labulen na kalmashe, na share ɗakin, na sa kasko a ƙasa na barbaɗa turare. Hayaƙin ya tashi, ya yi kamar zai miƙe, sai ya karkata, ya bi ta kan ƙirjin Alhaji a hankali ya nufi tagar baya. Yana binsa da ido har ya fice. Sai ya motsa baki, na sunkuya na kai kunnena.

“Ya tuna... hanyarsa.”

Na ce, “Alhaji, da ma ka sani?”

“Mai goro... ne ni, Rabi. Iska... sana'ata ce.”

“Shekara ashirin kana kwana cikin zafi, me ya hana ka faɗa?”

Ya daɗe yana haɗa kalmomin, ni kuma na jira.

“Kina... son ɗakin.”

To, kun ji. Shi ya ba ni shekara ashirin bai taɓa gori ba, ni shekara uku kawai na samu na rama. Bayan raina gidan nan naku ne, ku ɗora bene, ku fasa shaguna, ku yi yadda kuka ga dama. Amma lungun nan na mahaifinku ne, kada wanda ya ɗora masa ko kwano ɗaya.